KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KWASHE KUƊI: YADDA TSADAR HAYA KE SHAƘE ƘANANAN MAƘERA A INGILA

 

A ƙasar Ingila akwai wata sana'a wadda da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin labarinta ba, wanda ya ji kuma yana iya yin dariya ya ce ai wannan wasan yara ne. Sana'ar ita ce ƙera kayan 'yan ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, irin waɗanda ake shimfiɗa wa dogo a kan tebur, a ja musu lantarki, su dinga tafiya suna jan taragu kamar na gaske. Masu wannan sana'a mutane ne marasa ƙarfi, ribarsu kaɗan ce, kuma kuɗin hayar wurin aiki yana daga cikin abubuwan da suka ɗaura musu igiya a wuya. Mun ɗauko maganarsu ne domin zalunci ba shi da ƙarami, kuma domin a ga yadda ake ɗinka wa zalunci riga a kira shi “kasuwa”, alhali kuwa mutane ne suka zauna suka rubuta shi da hannuwansu, kuma mutane ne za su iya goge shi idan sun ga dama.

MECE CE WANNAN SANA'A?

Tushen abin ya daɗe. Wani mutumin birnin Liverpool mai suna Frank Hornby, wanda ya ƙirƙiro kayan haɗe-haɗen Meccano a 1901, ya fara sayar da 'yan jiragen da ake yi wa wani kamar agogo a 1920. A 1938 kamfaninsa ya fito da ƙaramin samfuri mai suna Hornby Dublo, a kan ma'aunin da ake kira OO, wanda har yau shi ne ya fi yaɗuwa a Birtaniya. A wannan ma'auni ana rage girman jirgi sau 76, faɗin dogon kuwa milimita 16.5 ne. Tun 1910 aka kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a Landan, kuma mujallarsu Railway Modeller tana fitowa tun 1949. Saboda haka ba abu ne na jiya ba, kuma akasarin masu yin sa dattawa ne, ba yara ba.

Manyan kamfanoni irin su Hornby da Bachmann su ne ke sayar da jirgi kammalalle a cikin kwali, kuma a ƙasar Sin ake ƙera mafi yawan kayansu. Hornby ta kwashe aikinta daga garin Margate zuwa can tun a shekarun 1990. Amma a bayan waɗannan manya akwai ɗimbin ƙananan maƙera, wani shi kaɗai ne, wani shi da matarsa, wani da yaro ɗaya ko biyu. Wannan ƙafafun jirgi kawai yake yi. Wancan ƙugiyar haɗa taragu. Wani yana zana faranti na tagulla, ya sa ruwan guba ya cinye inda ba a so, sai tagogi da matakala su fito siriri kamar gashi. Wani yana narka farin ƙarfe ya zuba a mazubin roba, ya fitar da bututun hayaƙi ko fitilar da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba.

Domin mai karatu ya gane muhimmancinsu, ga misali guda. Faɗin dogon gaske a Ingila milimita 1,435 ne. Idan aka rage shi daidai da ma'aunin OO, ya kamata ya zama milimita 18.83, ba 16.5 ba. Masu son daidaito sai suka ƙi yarda da wannan tawaya, suka koma shimfiɗa dogo mai faɗin 18.2 ko 18.83. To, waɗannan mutane duk ƙafafun jirgi da sandunan da suke bukata daga hannun ƙananan maƙera suke fitowa, domin babban kamfani ba zai tsaya yin abin da mutum ɗari kaɗan ne za su saya ba. Ranar da maƙerin ƙafa ɗaya ya rufe, aikin mutane da yawa ya tsaya cak.

IGIYOYIN DA AKA ƊAURA MUSU

Mai irin wannan aiki ba ya bukatar babban kanti a bakin titi. Abin da yake nema shi ne ɗaki mai lantarki mai ƙarfi, da hanyar fitar hayaƙi, da wurin kafa inji da jera dubban 'yan akwatuna. To, ku dubi yadda aka kewaye wannan ɗan ɗaki da igiyoyi.

Igiya ta farko ita ce sharaɗin da za mu kira “hawa babu sauka”. Shekaru da dama al'adar hayar wuraren kasuwanci a Ingila ita ce a rubuta a cikin yarjejeniya cewa za a sake duba kuɗin haya lokaci-lokaci, galibi duk shekara biyar, amma idan an duba, ko dai ya hau ko ya tsaya inda yake. Ba ya sauka ko da kasuwa ta faɗi warwas, ko da maƙwabtan ɗakuna sun zama kango. Jama'a, wane irin ma'auni ne wannan mai rinjaya gefe ɗaya kullum? Idan alheri ya zo mai gida ya kwashe, idan asara ta zo ɗan haya ya ɗauka shi kaɗai. Wannan shi ne ainihin kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Igiya ta biyu ita ce kashe kariyar da doka ta bayar. A 1954 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ba ɗan kasuwa mai haya haƙƙin sabunta hayarsa idan wa'adi ya cika, sai fa in mai gida yana da ɗaya daga cikin dalilan da dokar ta lissafa. Dokar ta yi kyau. Amma daga baya aka buɗe ƙofar cewa ɓangarorin biyu suna iya “yarda” su ajiye wannan kariya, da farko sai da amincewar kotu, daga 2004 kuwa takardar sanarwa da sa hannu sun wadatar. To, wace yarda ce ke tsakanin mai ɗakuna dubu da mai neman ɗaki ɗaya? Ana miƙo masa takarda ne a ce sa hannu ko ka ba na bayanka wuri. Idan wa'adi ya cika sai a yanka masa sabon kuɗi, shi kuwa ya san cewa kwance inji da sake jan waya da kwashe kaya zai ci masa aikin watanni, sai ya haɗiye baƙin ciki ya biya.

Igiya ta uku ita ce harajin wurin kasuwanci. A Ingila ana lissafa wannan haraji ne a kan ƙimar hayar da hukuma ta ƙiyasta wa wuri. Tun 2017, wanda ƙimar wurinsa ba ta wuce fam 12,000 a shekara ba, kuma wurin ɗaya ne gare shi, ana yafe masa harajin gaba ɗaya, daga nan sauƙin yana raguwa har ya ƙare a fam 15,000. Ke nan idan haya ta hau a unguwa, aka zo sabon ƙiyasi irin na 2017 ko na 2023, mutumin da da ba ya biyan ko kwabo yana iya wayar gari ya tsallake iyaka. A shekarun 2023 zuwa 2025 abin da ake karɓa ya kusa rabin ƙimar. Mai gida ya mare shi a dama, hukuma ta mare shi a hagu, kuma marin farko ne ya jawo na biyu.

Igiya ta huɗu ita ce ƙarancin wuraren kansu. A 2013 gwamnati ta sassauta ƙa'idar mayar da ofisoshi gidajen kwana, a 2021 ta faɗaɗa sassaucin ya haɗa da kantuna da ƙananan wuraren aiki. A ɗaya ɓangaren kuma kamfanonin sayar da kaya ta intanet suna rububin rumbuna a gefen birane, suna biyan abin da ƙaramin maƙeri ba zai taɓa iya biya ba. Binciken da cibiyar Centre for London ta fitar a 2022 ya nuna cewa Landan ta rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wuraren masana'antunta a cikin shekaru ashirin. Ba mu ƙi a gina wa mutane gidaje ba. Amma garin da ya ba mutum wurin kwana ya hana shi wurin neman abinci bai gama yi masa adalci ba.

ABIN KUNYA A ƘARƘASHIN GADAR JIRGI

Wani abin mamaki shi ne cewa hukumar dogo da kanta ta sa hannu a cikin wannan ta'asa. A biranen Ingila, musamman Landan, jirgin ƙasa yana bi ne ta kan dogayen gadoji na bulo waɗanda aka gina tun ƙarni na goma sha tara, a ƙarƙashinsu kuma akwai ɗakuna masu rufin baka. Saboda danshi da duhu da rugugin jirgi, hayarsu ta kasance mai sauƙi, sai suka zama mafakar makanikai da kafintoci da masu walda da masu gasa burodi, wato irin wurin da kowane ƙaramin mai sana'ar hannu yake nema. A 2018 Network Rail, wadda mallakar gwamnati ce, ta amince ta sayar da wurare kimanin 5,200, akasarinsu irin waɗannan ɗakuna, ga kamfanonin Blackstone da Telereal Trillium a kan fam biliyan 1.46, bisa haya ta shekara 150.

Ku lura da adadin shekarun: 150. Mutanen da suka sa hannu za su mutu, jikokinsu su mutu, cinikin yana nan. 'Yan hayar sun kafa ƙungiya mai suna Guardians of the Arches, suka yi ta kuka tun kafin a sayar, domin tun a hannun Network Rail wasunsu sun fara ganin ana ninka musu haya. A 2019 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya duba cinikin, ya ce an sami kuɗi mai kyau, amma ba a ba maslahar 'yan haya muhimmancin da ya dace ba sai can a ƙarshen lamari. Sabon mai gidan ya fitar da takardar alƙawuran kyautata wa 'yan haya, wannan gaskiya ne kuma ba za mu ɓoye ba. Amma alƙawari daban, doka daban. Wanda ya zuba fam biliyan ɗaya da rabi ba don Allah ya zuba ba, riba yake jira, kuma babu inda ribar za ta fito sai daga aljihun mai guduma da mai zarto.

AMSA GA MASU KARE WANNAN HALI

Mun san hujjojin da ake kawowa, kuma za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wasu suna cewa: ai ba haya ce ta kashe sana'ar ba, tsufan masu saye ne da cinikin intanet. Muna cewa akwai gaskiya a ciki, kuma ba mu zo nan don mu ɗora wa haya kowane laifi ba. Lokacin da babban kantin Hattons, wanda aka kafa a Liverpool a 1946, ya ba da sanarwar rufewa a Janairun 2024, dalilan da ya bayar sun haɗa da raguwar masu saye da hauhawar kuɗin gudanarwa. A cikin watan nan dai ƙungiyar Warley ta ce ta daina shirya babban baje kolinta na Birmingham, wanda ta shafe shekara 30 tana yi, saboda masu aikin sa-kai sun tsufa kuma ɗawainiya ta yi nauyi. To, amma wannan hujja a kan masu ita take komawa. Idan an yarda cewa sana'ar tana fama da rauni, ashe ƙara mata kaya ya fi muni ke nan. Wanda ya ga jaki yana ɗingishi ya ƙara masa mangala, ba zai ce ɗingishi ne kaɗai ya kashe shi ba. Kuma ku tuna da ModelZone, mai kantuna 47, wadda ta durƙushe a 2013. Waɗanda aka naɗa su kula da rushewarta sun ambaci gasar intanet, amma sun kuma ambaci yarjejeniyoyin hayar sababbin kantuna waɗanda suka zama asara. Idan mai kantuna 47 ya kasa kuɓuta daga takardar haya, ina ga mai ɗaki ɗaya?

Wasu suna cewa: to ya ƙara kuɗin kayansa mana. Bari mu yi lissafi na misali, ba na wani mutum takamaimai ba. A ce ribar maƙeri a kan kowane ƙunshin ƙafafu fam 2 ce, sai aka ƙara masa fam 4,000 a hayar shekara. Sai ya sayar da ƙarin ƙunshi 2,000 kafin ya koma inda yake jiya, ba tare da ya ƙaru da ko sisi ba. Ina zai samo masu sayen? Kasuwarsa ƙidayayya ce, kuma da yawa daga cikin masu sayen 'yan fansho ne waɗanda su ma tsadar rayuwa ta matse su. Idan ya ninka farashi su janye, idan bai ninka ba ya yi wa mai gida bauta.

Wasu suna cewa: ya koma gida ya yi aikinsa, ga injin ɗab'i mai fitar da siffa ya zo ya sauƙaƙa komai. Lalle da yawa a gida suka fara, wasu har yanzu a rumfar bayan gida suke, kuma sabon injin ya taimaka. Amma narka ƙarfe da ajiye ruwan guba da ƙarar inji ba abin yi ba ne a gidan sama mai maƙwabta ta ko'ina, kuma shi kansa gidan sau da yawa na haya ne, mai sharaɗin hana sana'a a ciki. Dattijon da ya sayi gida mai fili tun zamanin araha yana iya lallaɓawa. Saurayin da ya kamata ya gaje shi fa, a ina zai kafa inji? Nan ne ɓarnar ta fi tsanani, domin tana yanke gado.

Wasu kuma suna cewa: mai gida yana da iko da dukiyarsa. Babu mai musun wannan. Haya halal ce, neman riba a cikinta halal ne, kuma mai gida ma yana da gyaran rufi da bashi da haraji a kansa. Abin da muke ƙi shi ne cin gajiyar matsuwar mutum. Wa ya raya wurin tun yana kango? Wa ya share danshi, ya ja waya, ya sa mutane suka san hanyar lungun? Ɗan haya ne. Idan unguwa ta yi daraja da guminsa, sai a juyo a sayar masa da darajar da shi ya samar, in ya kasa biya a kore shi. Iko da dukiya bai taɓa zama lasisin girbe abin da wani ya shuka ba.

Na ƙarshe su ne masu cewa: duk wannan hayaniya a kan kayan wasa? Muna tambayarsu: abincin da maƙerin yake kai wa iyalinsa na wasa ne? Ilmin auna ƙarfe har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na milimita na wasa ne? Idan irin wannan mutum ya rufe, ba kanti kawai ake rasawa ba. Akwai mazubai da zane-zane da ya tara shekara talatin ko arba'in, waɗanda idan ba a sami mai karɓa ba sai su ruɓe ko a zubar. Ana iya gina rumbu a wata shida, amma ba a gina gwani a wata shida.

MENE NE MAFITA?

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa wannan hali aikin hannun mutane ne ita ce an taɓa sauya shi. Ƙasar Ailan, maƙwabciyar Birtaniya, ta haramta sharaɗin “hawa babu sauka” a sababbin yarjejeniyoyi tun 2010, kuma sama ba ta faɗo ba. A lokacin annobar korona, daga Maris 2020 zuwa Maris 2022, gwamnatin Birtaniya ta hana korar 'yan kasuwa saboda bashin haya. A Yulin 2025 kuma ta kai wa majalisa ƙudurin da ya ƙunshi haramta wannan sharaɗi a Ingila da Wales, ƙungiyar manyan masu gidaje ta tashi tana kururuwa cewa jari zai gudu. Mun yaba da matakin, amma yadda aka rubuta ƙudurin, sababbin yarjejeniyoyi ya shafa, wanda igiya ta riga ta shiga wuyansa an bar shi da ita har wa'adinsa ya cika.

Saboda haka muna ganin abubuwa huɗu sun wajaba. Na ɗaya, kada a bar waɗanda ke cikin tsofaffin yarjejeniyoyi ba tare da hanyar kai kuka ga mai sulhu ba. Na biyu, a toshe ƙofar ajiye kariyar dokar 1954 ga ƙananan 'yan haya, domin yardar da aka karɓa da wuƙa a wuya ba yarda ba ce. Na uku, hukumomin gwamnati da ƙananan hukumomi su daina sayar da wuraren aikin talakawa don cike giɓin kasafin shekara ɗaya, su keɓe wasu a kan haya mai sauƙi. Na huɗu, su kansu maƙeran da masu sayen kayansu su haɗa kai, su kama wuri tare, su yi ciniki da murya ɗaya, kuma ƙungiyoyinsu su dinga karɓar mazubai da zane-zanen wanda ya gaza kafin su salwanta. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Mai saye kuma ya sani cewa idan ya tsallake maƙerin garinsu saboda rangwamen fam ɗaya, ranar da zai nemi abin da babu mai yin sa sai shi, zai tarar da ƙofa a garƙame.

Mu kuma da muke karanta wannan daga nesa, Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Duk mai rumfa ko shago da ya ba maƙeri ko baduku ko mai gyaran agogo haya, ya tambayi kansa kafin ya yi ƙari: wannan kuɗi daga ina mutumin nan zai fitar da shi, kuma idan na kore shi wace sana'a ce na binne? Wanda ya sassauta wa mai rauni bai yi asara ba, wanda kuma ya ƙuntata masa don ya ga babu mai hana shi, ya sani akwai ranar da za a auna da ma'aunin da ba ya rinjaya gefe ɗaya.

Allah Ya kare mu daga yin zalunci da kuma goyon bayansa, Ya sanya albarka a cikin sana'ar kowane mai neman halal.